Riƙo da Asali: Nazari kan 'Ya'yan Koriya ta Kudu da Aka Rena a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

Daga ƙarshen yaƙin Koriya a 1953 zuwa yau, Koriya ta Kudu ta tura yara kimanin 200,000 ƙasashen waje domin wasu iyalai su riƙe su a matsayin 'ya'yansu. Fiye da rabinsu Amurka aka kai su, saura kuma aka watsa su a Faransa da Suwidin da Denmark da Norway da Holan da Beljiyam da Ostireliya. Irin riƙon da aka yi musu shi ne wanda doka ke yanke dangantakar yaro da waɗanda suka haife shi, ta ba shi sunan sabon gida da gadonsa, a rubuta masa sabuwar takarda kamar a gidan aka haife shi.

Ba wata ƙasa da ta daɗe tana wannan aiki kamar Koriya, shi ya sa ta fi kowace dacewa da nazari. Yaran farko da aka tura sun haura shekara 70 a yanzu. Su da na bayansu sun rubuta littattafai, sun kafa ƙungiyoyi, wasu sun zama masu bincike a jami'o'i, wasu kuma sun maka gwamnati a kotu. Ke nan ba sai an yi ta hasashe ba, waɗanda abin ya shafa sun girma sun buɗe baki.

Wannan nazari zai bi diddigin tambayoyi biyu. Me ke cikin asalin yaro wanda ya wajaba a tsare masa? Wane irin tallafi kuma iyayen riƙo ke buƙata kafin su iya tsare shi? Abin da tarihin Koriya ya nuna shi ne, asalin yaro ya rataya ne a kan abubuwa uku: takarda mai faɗin gaskiya, da harshe, da mutanen da yake iya zama da su. Duk cikin ukun babu wanda iyali ke iya samarwa su kaɗai, komai kyakkyawar niyyarsu.

Yadda abin ya faro

Yaƙin ya bar marayu da yawa, ya kuma bar yaran da sojojin Amurka da na ƙawayenta suka haifa da matan Koriya. A ƙasar da a lokacin ake ƙirga ɗan ƙasa ta wajen uba, irin waɗannan yara ba su da gurbi. A ƙarshen 1954 wani manomi kuma ɗan kasuwar katako a jihar Oregon, Harry Holt, shi da matarsa Bertha suka kalli wani fim da ƙungiyar World Vision ta nuna kan halin da yaran ke ciki. Suna da 'ya'yan cikinsu 6, amma suka ƙudura ɗaukar wasu 8. Dokar Amurka ta lokacin yara 2 kawai ta yarda iyali su shigo da su, sai da majalisar dokoki ta yi musu doka ta musamman a 1955. A 1956 suka kafa hukumar riƙo mai ɗauke da sunansu, wadda ta yi fice da wani tsari: iyali na zaune a Amurka, wakili ya kammala musu riƙo a Koriya, a sauke musu yaro a filin jirgi ba tare da sun taɓa ganinsa ba.

Da a ce taimakon gaggawa ne kawai, da ya ƙare da ƙurar yaƙi. Sai dai a 1961 gwamnatin soja ta Park Chung-hee ta yi dokar da ta sauƙaƙa fitar da yara, aikin kuma ya tattaru a hannun hukumomi 4 masu zaman kansu. Yaran da ake turawa suka sauya: daga 'ya'yan sojojin waje zuwa 'ya'yan talakawa ma'aikatan masana'antu, daga nan zuwa 'ya'yan matan da suka haihu ba aure. Adadin ya kai ƙololuwa a 1985, lokacin da aka fitar da yara fiye da 8,000 a shekara guda, shekara 32 bayan yaƙi, alhali tattalin arzikin ƙasar na bunƙasa. Sai a 1988, da idon duniya ya koma Seoul saboda wasannin Olamfik, jaridun waje suka fara yi wa ƙasar gorin tana fitar da jarirai kamar hajar kasuwa.

Dalilan ɗorewar abin ba a ɓoye suke ba. Gwamnati ta samu hanyar sauke nauyin marayu da matalauta ba tare da ta gina tsarin jin ƙai ba. Hukumomin na karɓar kuɗin waje a kan kowane yaro. Al'umma kuma ta samu inda za ta kai abin da take ɗauka abin kunya ne. Ga tsarin rajistar iyali na lokacin, wanda ke rubuta kowa a ƙarƙashin namiji mai gida, ya sa macen da ta haihu ba miji tana shan wuya kafin ɗanta ya samu matsayi. Ba a soke wannan tsari ba sai a 2008.

Takarda: inda asali ke fara ɓacewa

Kafin a fitar da yaro, sai an nuna ba shi da kowa. Hanyar da aka fi bi ita ce a buɗe masa rajistar iyali shi kaɗai, a rubuta shi a matsayin mai gidan kansa, ba uwa ba uba. Sau da yawa ma'aikaci ne ke laƙa masa suna, ya kintaci ranar haihuwarsa, ya ba shi lambar fayil. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a Koriya, domin suna a can yana ɗauke da bayani: sunan dangi yana haɗe da garin da zuriyar ta samo tushe, a gidaje da yawa kuma 'yan'uwan da ke sahu ɗaya a zuriya suna tarayya a gaɓa ɗaya ta sunansu. Wanda aka sauya wa suna an raba shi da abin da zai nemi danginsa da shi.

A 2022 wata ƙungiyar 'yan riƙo da suka tashi a Denmark, ƙarƙashin jagorancin Peter Møller, ta jagoranci shigar da koke gaban Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Koriya. Koke 367 hukumar ta karɓa daga ƙasashe daban-daban. A watan Maris na 2025 ta fitar da sakamako, ta tabbatar an tauye haƙƙi a 56 daga cikinsu, ta kuma ɗora alhaki a kan gwamnati saboda sakacin sa ido. Ta gano an rubuta yara a matsayin tsintattu alhali an san iyayensu, an fitar da wasu ba tare da sahihiyar yardar iyaye ba. Mafi muni shi ne musaya: idan yaron da aka yi wa wani iyali alkawari ya mutu, ko ya yi rashin lafiya, ko danginsa suka karɓe shi, sai a tura wani da sunansa da takardunsa. Irin wannan mutum zai iya shafe shekaru yana neman iyayen da ba nasa ba, har ya same su, sai gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba su haɗa komai ba.

Akwai wata uwa da 'yarta ta ɓace a 1975 tana wasa a ƙofar gida. Ta yi shekara 44 tana yawo ofisoshin 'yan sanda da gidajen marayu da hoton yarinyar. Ashe cikin 'yan watanni an rubuta ta a matsayin marainiya, an tura ta Amurka. A 2019 suka gano juna ta hanyar wata ƙungiyar sa kai mai tattara gwajin ƙwayoyin halitta.

A nan ya kamata a lura da matsayin iyayen riƙo. Mafi yawansu su ma yaudararsu aka yi. An ba su labarin da aka ƙirƙira, su kuma suka maimaita wa yaran da zuciya ɗaya: an tsince ki a bakin ofishin 'yan sanda, ba wanda ya san mahaifiyarki. Ranar da gaskiya ta fito, amanar da ke tsakanin yaro da masu riƙonsa ita ke fara girgiza. Saboda haka tallafi na farko da hukuma ke bin iyayen riƙo bashinsa shi ne fayil na gaskiya.

Tarbiyyar mantawa

Shawarar da ma'aikatan jin daɗin jama'a ke bai wa iyaye a shekarun 1950 zuwa 1970 ita ce su rene yaro kamar su suka haife shi, kada su tayar masa da maganar baya. A ganinsu ƙauna ta isa, launin fata kuma ba ya gaban mai ƙauna. Tun a 1964 masanin zamantakewa H. David Kirk, wanda shi ma uban riƙo ne, ya ƙalubalanci wannan a littafinsa Shared Fate. Ya raba iyayen riƙo gida biyu: masu musun cewa akwai bambanci tsakanin gidansu da gidan da aka haifi yara a ciki, da masu yarda akwai. Ya nuna cewa kashi na biyun sun fi iya magana da 'ya'yansu, sun kuma fi fahimtar damuwarsu.

Ga yaron Koriya da ya tashi a ƙauyen Minnesota ko na Suwidin, musun bambancin ba ya wuce ƙofar gida. A ciki shi ɗa ne kamar kowa, da sunan Turawa da harshensu. A makaranta kuwa yara na jan gefen idanunsu da yatsu suna kwaikwayonsa, baƙi na yaba masa yadda ya iya harshen da shi kaɗai ya sani. Idan ya koma gida ya faɗa, sai a ce ya share, mu dai ba ma ganin wani bambanci. Richard M. Lee na Jami'ar Minnesota ya fayyace wannan tsaka mai wuya a 2003: gida na ɗaukar yaro ɗan ƙabila mai rinjaye, gari na ɗaukarsa bare, iyayen kuma ba su taɓa ɗanɗana wariya ba balle su koya masa yadda ake tunkararta.

A 2009 cibiyar nazarin riƙo ta Evan B. Donaldson da ke New York a lokacin ta tambayi manyan da aka rena a riƙo, ciki har da 179 da aka haifa a Koriya suka tashi hannun Turawa. Kashi 78 cikin 100 na waɗannan suka ce suna yara sun ɗauki kansu fararen fata, ko sun yi fatan su zama. Binciken ya kuma nuna cewa tambayar asali ba ta gushewa da girma, tana ma ƙara nauyi lokacin aure da haihuwa. Ga da yawansu, jaririn da suka haifa shi ne mutum na farko da suka taɓa gani wanda suka haɗa jini da shi.

Dole a auna wannan da adalci. A 2002 Anders Hjern da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Lancet, wanda suka gina a kan rajistar ƙasar Suwidin. Sun gano cewa yaran da aka ɗauko daga waje sun ninka takwarorinsu haifaffun ƙasar sau 3 zuwa 4 wajen haɗarin kashe kai da kwanciya asibiti saboda taɓin hankali. A ɗaya gefen, Femmie Juffer da Marinus van IJzendoorn na Jami'ar Leiden sun tattara bincike masu yawa a 2005, suka ga cewa mafi yawan irin waɗannan yara suna tashi lafiya lau, ko da yake an fi kai su wajen likitocin ƙwaƙwalwa fiye da sauran yara. Sakamakon biyu ba su saɓa wa juna ba. Mafi yawa na tsira, amma kason da ke shiga matsala ya fi ƙarfin a kau da kai. Kuma ba wanda ke cewa gidan marayu ya fi: binciken da Michael Rutter ya jagoranta kan yaran Romaniya da aka kai Ingila bayan 1989 ya nuna irin illar da zaman gidan marayu maras kulawa ke yi wa ƙwaƙwalwa, musamman idan ya wuce wata 6 na farkon rayuwa. Yaro na buƙatar iyali. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko sai ya biya da asalinsa kafin ya samu.

Harshe

A cikin abubuwan da yaro ke tahowa da su, harshe ne ke saurin tafiya. A 2003 Christophe Pallier da abokansa a Faransa suka gwada mutum 8 da aka kawo daga Koriya suna tsakanin shekara 3 zuwa 8, wato sun riga sun iya magana sarai kafin su taho. Aka kunna musu jimloli da harshen Koriya a gauraye da na Japan da na Poland da wasu. Ba su iya ware na Koriya ba, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa kuma ba ta nuna wani motsi na daban ba lokacin da suke jin harshen da suka yi wayo da shi. Yaron da ya yi shekara 8 yana kiran mahaifiyarsa da wani harshe ya wayi gari ba ya ko gane sautinsa.

Amma akwai saura. A 2017 Jiyoun Choi da Anne Cutler da Mirjam Broersma suka koya wa mutum 29 da aka kawo Holan daga Koriya wasu baƙaƙe na harshen Koriya masu wuyar furtawa ga baƙo, suka kwatanta su da Holawa haifaffun gida. Da farko duk ɗaya suke. Bayan ɗan gajeren horo sai 'yan riƙon suka yi wa sauran fintinkau wajen furuci, har da waɗanda aka ɗauko ba su kai wata 6 ba. Ma'ana, harshen ya bar gurbi wanda ake iya farfaɗowa idan aka samu dama.

Amfanin wannan yana bayyana ne ranar haɗuwa da iyayen haihuwa. Toby Dawson, ɗan riƙo daga Koriya wanda ya ci wa Amurka lambar tagulla a wasan zamiya kan ƙanƙara a Turin a 2006, ya haɗu da mahaifinsa a Koriya a 2007, bayan hotunansa sun yaɗu a can. Shi da ɗaruruwan irinsa ta bakin tafinta suke magana da iyayensu. Tambayoyin da mutum ya daɗe yana ɗauke da su, me ya sa aka ba da ni, kin neme ni, sai ya yi su a gaban baƙo. Dangantaka da yawa sun tsaya a haɗuwar farko saboda ba harshen da za a ci gaba da shi.

Sansanin al'adu da iyakarsa

Daga shekarun 1980 hukumomi da iyaye suka fara gyara. Aka ɓullo da sansanonin hutu inda yara ke kwana 'yan kwanaki suna sa rigar hanbok, suna cin kimchi, suna koyon taekwondo da kiɗan ganguna, aka kuma fara shirya musu ziyarar ƙasar haihuwa. Wannan ci gaba ne idan aka kwatanta da shirun da ya gabata. Sai dai Heather Jacobson, a littafinta na 2008 kan yadda iyaye mata Turawa ke adana wa 'ya'yan riƙo al'ada, ta lura cewa abin ya fi karkata ga abin da ake saye, kamar tufafi da abinci da kayan ado, fiye da cuɗanya da mutanen da ke rayuwa cikin al'adar.

Waɗanda aka tambaya a binciken Donaldson sun ce abin da ya fi yi musu amfani shi ne tafiya ƙasar haihuwa, da karatu a makarantar da ke da yara launi-launi, da samun manya masu kama da su waɗanda za su yi koyi da su. Ko a sansanin ma, da yawa sun ce ribar da suka fi ci ita ce ganin wasu yara irinsu. Bambancin a bayyane yake. Sayen riga ba ya taɓa rayuwar iyaye da komai, amma sauya unguwa, ko makaranta, ko yin abota ta gaskiya da iyalan Koriya mazauna garin, yana nufin su ma su ɗanɗana zama bare a wani wuri.

Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen. Ba kowane ɗan riƙo ne ke son a rataya masa asalin da bai zaɓa ba. Fleur Pellerin, wadda aka haifa a Seoul a 1973 aka kai ta Faransa tana wata 6, ta zama ministar al'adu ta Faransa a 2014, kuma ta sha bayyana cewa ita Bafaranshiya take jin kanta. Wannan haƙƙinta ne. Aikin iyaye shi ne su ajiye suna da takarda da hanyar harshe a inda yaro zai same su, ko yana shekara 15 ya waiwaya, ko yana 50, ko bai waiwaya ba har abada.

Tallafin da iyayen riƙo ke buƙata

Tsohon tsari yana ƙarewa ne ranar da aka miƙa yaro. Illar hakan ta fito fili a kan Adam Crapser, wanda aka kai Amurka a 1979 yana shekara 3. Iyalin farko suka fasa riƙonsa, aka raba shi da yayarsa, iyali na biyu kuma kotu ta same su da laifin cutar da yara. Ba wanda ya cike masa takardar zama ɗan ƙasa. Dokar da Amurka ta yi a 2000, wadda ke bai wa 'yan riƙo izinin zama 'yan ƙasa kai tsaye, ba ta haɗa da waɗanda suka kai shekara 18 lokacin da ta fara aiki a 2001 ba. A 2016, saboda wasu laifuffuka da ya taɓa aikatawa, aka tasa ƙeyarsa zuwa Koriya yana shekara 41, bai iya harshen ba. Ya kai ƙara a Seoul, kotu ta umarci hukumar Holt ta biya shi diyyar won miliyan 100 a 2023, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke hukuncin a 2025. An raba shi da ƙasar farko, ba a kuma tabbatar masa da ta biyu ba.

Daga irin wannan za a iya fitar da abin da tallafi ya ƙunsa. Kafin a ba da yaro, a tantance gidan da gaske, a kuma horar da iyaye kan abin da ke jiransu: yaron da ya rasa mai renonsa sau biyu ko uku yana iya ƙin yarda da kowa, ya riƙa ɓoye abinci, ya riƙa gwada haƙurinsu don ya ga ko su ma za su tafi. Bayan an ba da shi, a ci gaba da leƙawa, a tabbatar takardunsa sun cika, a samar da masu ba da shawara da suka san sha'anin riƙo, musamman lokacin balaga. Idan ya tashi neman danginsa, iyaye na buƙatar wanda zai kwantar musu da hankali, domin da yawa suna ɗaukar neman a matsayin butulci, yaran kuma kan jira sai bayan mutuwarsu kafin su fara, lokacin da waɗanda ake neman ma sun tsufa ko sun rasu.

Mafi yawan gyaran da aka samu 'yan riƙon ne da kansu suka ƙwato shi. A 1998 waɗanda suka koma Seoul suka kafa ƙungiyar G.O.A.'L. mai taimakawa wajen neman dangi da tafinta, a shekarar kuma Shugaba Kim Dae-jung ya gayyaci wasunsu fadarsa ya ba su haƙuri. A 1999 suka samu bizar zama ta 'yan asalin ƙasa, a 2011 kuma damar riƙe shaidar ƙasa biyu. Sun haɗa kai da matan da suka haihu ba aure har aka gyara dokar riƙo, wadda ta fara aiki a 2012: sai kotun iyali ta amince, sai an yi wa jariri rajistar haihuwa, sai kuma uwa ta yi kwana 7 da haihuwa kafin a karɓi yardarta. Gwamnati ta ware 11 ga Mayu a matsayin ranar riƙo, su kuma suka mai da ranar ta tunawa da uwayen da ke renon 'ya'yansu su kaɗai, don nuna cewa tallafa wa uwa ta riƙe ɗanta shi ne matakin farko. Dokar ba ta rasa cikas ba: bayan fara aikinta an samu ƙaruwar jariran da ake ajiyewa a akwatin da wani coci ya buɗe a Seoul tun 2009, domin wasu uwayen na tsoron sunansu ya shiga rajista. Wannan ya nuna doka ba ta isa ba matuƙar gorin da ke kora uwa yana nan.

Dokokin duniya da riƙo irin namu

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta tanadi, a sashe na 8, haƙƙin yaro na riƙe sunansa da ƙasarsa da danginsa. Ajantina ce ta kawo wannan sashe, bayan gwamnatin soja ta ƙwace jariran waɗanda ta kashe ta raba wa wasu gidaje. Sashe na 20 ya nemi a kula da ƙabila da addini da al'ada da harshen yaro wajen sama masa gida, ya kuma ambaci kafala ta shari'ar Musulunci a cikin hanyoyin da aka yarda da su. Yarjejeniyar Hague ta 1993 ta wajabta adana bayanan asalin yaro, ta kuma sa neman gida a cikin ƙasa gaba da fitar da shi. Koriya ta sa mata hannu a 2013, ba ta fara aiki da ita ba sai a 2025. Afirka ma ta ga nata: a 2007 aka kama 'yan ƙungiyar Faransa ta L'Arche de Zoé a Abeche, ƙasar Chadi, suna shirin fita da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne, bincike kuma ya nuna mafi yawansu 'yan Chadi ne masu iyaye a raye. Habasha ta haramta fitar da yara riƙo a 2018.

A ƙasar Hausa an tsaya ne a ɗaya ƙarshen. Musulunci ya hana jingina yaro ga wanda bai haife shi ba tun daga kan Zaidu ɗan Harisa, wanda ake kira ɗan Muhammadu har ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka mayar da shi ga sunan mahaifinsa. Ɗan riƙo ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta ko wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, shayarwa kuma na mai da shi muharrami. Al'ada ta bi wannan layi: kaka na ɗaukar ɗan fari a yaye, gwaggon da ba ta haihu ba a ba ta 'yar wanta, kowa a unguwa ya san ɗan wane ne, ranar aure kuma a koma ga waliyyi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba amma ta rena yaran dangi har ta aurar da su. Abin da Koriya ta ɓatar, wato suna da dangi, mu a tsare yake.

Rauninmu yana wajen kariya. Da yake ba takarda ba mai sa ido, ɗan riƙo na iya faɗawa riƙon sakainar kashi, ya zama shi ne na talla da aike yayin da 'ya'yan gida ke makaranta, idan mai riƙon ya mutu kuma magada su watsar da shi. A wurare biyu ma muna kama da Koriya sosai. Na farko, jariran da ake tsinta. Gorin da ke sa uwa ta yar da ɗa iri ɗaya ne, wasu masu ɗauka kuma don gudun gorin sai su rubuta yaron da sunansu su ɓoye masa, har wani ya faɗa masa cikin faɗa. Alhali fiƙihu ya daɗe da ba shi matsayi: Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hukuncin Sayyidina Umar cewa tsintaccen yaro ɗa ne ba bawa ba, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Na biyu, marayun rikicin arewa maso gabas da aka kai wasu jihohi. Yaron da ya taho da Barbarci ko Margi ko Babur ya faɗo gidan Hausawa, cikin 'yan shekaru Hausa za ta shanye harshensa ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. A nan mu ne masu rinjayen da ba sa lura da bambanci.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa tsarin Koriya ya bai wa yara gida da gado amma ya shafe musu tushe, riƙon gargajiya irin namu kuma ya tsare tushe amma bai lamunce wa yaro daidaito a cikin gida ba. Kowane ɓangare na da abin koyo a wajen ɗaya. Abin da za a iya ɗauka nan take ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Duk yaron da zai shiga hannun wani, a rubuta sunan da ya zo da shi, da garinsu, da harshensa, da duk wanda aka sani nasa. Idan tsintacce ne a rubuta rana da wuri da wanda ya tsince shi da kayan da ke jikinsa, a ajiye kwafi a wajen hukuma, domin fayil ɗin da ke hannun mai amfana da ɓoye shi ba ya da tabbas. A gaya wa yaro gaskiya daidai da hankalinsa tun yana ƙarami. A haɗa shi da masu jin harshensa. Masu riƙon kuma a riƙa leƙa su, a taimaka musu da kuɗin makaranta da na magani da shawara, a nuna musu hanyar wasiyya tun suna da rai. Koriya ta yi fiye da shekara 70 kafin wata hukumarta ta bincika ta tabbatar an tauye haƙƙi, lokacin da uwaye da yawa sun riga sun mutu ba su ga 'ya'yansu ba. Jihohinmu da ke da dubban marayu a yau suna da damar buɗe wannan rajista tun waɗanda suka san yaran suna raye.